Littafi a Gaba, Goyo a Baya: Tarken Zaman Hira da Jarirai a Ɗakin Karatu

Ranar wata Asabar da hantsi na raka ƙanwata wurin aikinta, wani ɗakin karatu na jama'a a garinmu, ina ɗauke mata da tabarmi uku da jakar littattafai. Ta yi makonni tana shirin wani zama da ba a taɓa yin irinsa a wurin ba: hira da jarirai 'yan ƙasa da shekara 2 tare da masu rainonsu. A hannunta akwai takarda guda wadda ta tsara bisa wani jadawali da ta samo a intanet. An kasa minti 30 kashi-kashi, daga waƙar maraba zuwa littafi na farko, sai wasan yatsu, sai tawai a kan cinya, sai littafi na biyu, a rufe da waƙar sallama. Mata 11 suka zo. Da ta ce kowa ta sauke goyonta ta ɗora a cinya, ta dubi ƙwayar idonsa ta rera masa waƙa, sai ɗakin ya yi tsit. Wasu suka bi umarni. Wata matashiya da ta zo tare da uwar mijinta ta kwance majanyi, ta miƙa wa tsohuwar yaron, ta koma gefe tana murza bakin mayafinta har aka tashi.

Wannan takarda ce nake so in yi wa tarke. Na san wani zai ce jadawalin aiki ba adabi ba ne, balle a tarke shi. Amma takardar tana da zubi da tsari kamar wasan kwaikwayo, ta raba wa kowa rawar da zai taka, ta zaɓi matanin da za a furta, kuma a cikin ranta akwai hoton mai sauraro da ta ƙaddara zai zo. Duk rubutun da ya tara waɗannan abubuwa ya cancanci a tambaye shi: wa kake yi wa magana, kuma da bakin wa?

Asalin irin wannan zama sananne ne. A Ingila an fara shirin Bookstart a birnin Birmingham a 1992, inda aka raba wa jarirai 300 littattafai. A Amurka kuwa, rassa biyu na ƙungiyar ɗakunan karatu ta ƙasar sun fitar da shirin Every Child Ready to Read a 2004, suka sabunta shi a 2011 suka ɗora shi a kan ayyuka biyar: magana da waƙa da karatu da rubutu da wasa. Daga wannan tushe ne mafi yawan jadawalan da ke yawo a intanet suka tsiro, har da na ƙanwata.

Ba zan tauye wa tsarin haƙƙinsa ba. Ya gane cewa hankalin jariri gajere ne, don haka bai tsawaita ba. Ya gane cewa maimaici ne abincin kunnen yaro, shi ya sa waƙar buɗewa da ta rufewa ba sa canzawa mako bayan mako. Mafi muhimmanci, ya gane cewa rabin sa'a a mako ba za ta gina harshe ba, saboda haka ainihin wanda ake koyarwa shi ne babban da zai koma gida da yaron. Akwai kuma hujjar bincike a bayansa. A 1984 Janet Werker da Richard Tees sun nuna cewa jariran da ake raino da Ingilishi suna iya bambance wasu sautukan baƙin harsuna suna da wata 6 zuwa 8, amma kafin su cika shekara wannan baiwa ta dushe, kunnensu ya tsaya a kan sautukan da suke ji kullum. Abin da ya ja hankalina shi ne, cikin sautukan da aka gwada akwai wani ɗan'uwan harafinmu na ƙ, daga wani harshe na 'yan asalin Kanada. Ma'ana, a shekarar farko ce kunnen ɗan Bahaushe yake yanke shawara ko kafa da ƙafa abu guda ne. Wanda ya san haka ba zai raina zaman hira da jinjiri ba.

Inda na fara rabuwa da takardar shi ne a hoton uwa da ɗa da ta zana. A wurinta, ƙauna tana da siffa ɗaya: yaro a cinya, fuska da fuska, uwa tana kiran sunansa da ƙarfi a gaban jama'a. Matashiyar nan da ta koma gefe ɗan fari ta haifa, ga kuma surukarta a zaune. A tarbiyyar da aka yi mata, ba ta kiran sunan yaron, ba ta yi masa wasa a idon manya, kuma wannan kawaici shi ne shaidar cewa ta fito daga gidan mutunci. Takardar ta nemi ta yi abin da zai zubar mata da kunya a cikin minti biyar na farko, sannan wanda bai san dawan garin ba zai rubuta a rahoto cewa uwar ba ta da sha'awar ɗanta. Gaskiya ne kunyar ɗan fari tana sassautawa a birane, kuma cikin matan nan akwai waɗanda suka yi tawai suna dariya ba tare da wata damuwa ba. Sai dai tsarin da zai yi wa mace ɗaya cikin 11 wannan tsiraici, da gyara a cikinsa.

Haka kuma takardar ba ta san goyo ba. Jaririnmu yakan yi kaso mai yawa na yininsa a baya, kunnensa manne da gadon bayan mai goyonsa. Yana jin murya ta cikin ƙashi kafin ya ji ta a iska, yana jin karin waƙa a cikin takun ƙafa da lugude da tankaɗe, kuma idonsa yana kallon inda mai goyon take kallo. Wannan ma zama ne na sauraro, kuma tsoho ne ƙwarai. Da an bar matan su tashi tsaye su zagaya da goyonsu suna jijjigawa, da an samu abin da ake nema ba tare da an tilasta wa kowa ba. Sannan raino a gidan Bahaushe aikin hannu da yawa ne: kaka da goggo da abokiyar zaman uwa da yarinya 'yar shekara 9 da ke goyon ƙaninta bayan ta taso daga makaranta. Idan aka zo yaye ma, sau da yawa ɗakin kaka ake kai yaro. Mai shirya zama da ya aika gayyata ga iyaye mata kaɗai ya bar manyan mawaƙan a gida.

Akwai wani sashe na tsarin da masu shi suke alfahari da shi, wato ɗan tsokacin da mai gabatarwa take jefa wa manya a tsakiyar zama, kamar ta ce waƙa tana taimaka wa yaro ya ji gaɓoɓin kalma. Maganar gaskiya ce. Amma na kalli fuskar tsohuwar nan lokacin da ƙanwata, wadda ba ta kai sa'ar autarta ba, take karanto mata wannan bayani daga takarda. Ba ta ce komai ba, murmushi kawai ta yi irin na wanda ake nuna wa hanyar gidansa. A nan matsalar ta murya ce. Tsokacin an rubuta shi ne da muryar masani yana sauko da ilimi ga wanda bai da shi, alhali a wannan ɗaki ilimin yana zaune a kan tabarma ne.

Sai batun matani, wanda shi ya fi damuna a matsayina na ɗalibin adabi. A jakar da na ɗauko akwai littattafan jarirai guda huɗu masu kaurin shafi, dukkansu na Ingilishi. Ƙanwata ta kwana tana fassara su, ta rubuta Hausar a ƙananan takardu ta manna a kan Turancin. Ma'ana ta tsallako lafiya, amma amsa-amo da kari, waɗanda su ne dukiyar irin waɗannan littattafai, sun mutu a hanya. Abin da ya rage jimloli ne sandararru game da dabbobin da babu ko ɗaya cikin matan da ta taɓa gani. Ban ga laifinta ba, domin ta duba kantar Hausa ba ta sami abin ɗauka ba.

Dalilin wannan giɓi yana cikin tarihin rubutaccen adabinmu. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, an yi ta ne don samar wa waɗanda suka iya karatun boko abin karantawa. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ma ɗan makaranta ya nufa. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 taskar manazarta ce, su kuwa Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya sun sauko har ajin firamare, suka tsaya a nan. Ƙagaggen labarinmu na boko an haife shi a aji ne, kuma tun daga lokacin sama yake hawa, bai cika waiwayen wanda bai fara tafiya ba. Abin mamaki, Imam da kansa ya fahimci aikin da labari yake yi wa yaro fiye da yadda jadawalin ya fahimta. Akun da ke littafi na ɗaya ba darasi ne babban burinsa ba. So yake ya riƙe Musa ɗan sarki a gida, ya ɗauke masa hankali da labari bayan labari har gari ya waye, don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Wannan rarrashi ne tsantsa, kuma akun mai raino ne.

Wani zai ce to a kawo tatsuniya. Ni ban yarda ba. Dabarun Gizo da haƙurin Ƙoƙi suna buƙatar mai sauraro da ya san ƙarya da gaskiya, wanda zai riƙe farkon labari har ƙarshensa, kuma ɗan wata 8 bai kai nan ba. (Na bar maganar camfin da ya hana tatsuniya da rana, ko da yake ɗakin karatu da rana yake buɗewa, kuma na tabbata wata kaka za ta tuna mana.) Abin da za a iya tsinta daga tatsuniya shi ne 'yan waƙoƙin da ke tsakiyarta. Ainihin adabin jariri a Hausa shi ne waƙar raino da ta tawai, kuma duk siffofin da masu tsarin Amurka suke nema suna cikinta: gajerun ɗangwaye, amshi mai dawowa, kari da ke tafiya da motsin jiki, sautukan da daɗinsu ya fi ma'anarsu, da gurbin da ake saka sunan yaro ko lakabinsa.

Tana da wani abu kuma da littattafan nan huɗu ba su da shi. Waƙar raino kunne biyu take yi wa magana. Sautinta na jariri ne, amma kalmominta sau da yawa na manyan da ke tsakar gida ne. A ciki mace takan yi wa yaro kirari da asalinsa, ta yi masa alkawarin abin da ba ta da shi, ta yi ƙorafin gajiya, ta saƙa habaici ga kishiya ko ga maigidan da ya daɗe bai dawo ba. Wato matsalar da jadawalin yake ƙoƙarin warwarewa da tsokaci, ta yadda za a riƙe hankalin babba da yaro a lokaci guda, waƙar raino ta warware ta tun tuni a cikin ginin baitinta.

Ba ina cewa a rufe littafi a koma tsakar gida ba. Tsakar gidan ma ta canza. Na sha ganin an miƙa wa ɗan shekara ɗaya waya don ya yi shiru, kuma cikin matan da suka zo ranar, da aka tambaya daga baya, ƙalilan ne suka iya kawo waƙar raino guda daga farko har ƙarshe. Littafi kuma yana da nasa aikin da waƙa ba za ta yi ba: yaro ya taɓa shi, ya kai baki, ya ga hannun babba yana juya shafi, ya saba da cewa wannan abu ana samun magana a cikinsa. Hujjar ɗakin karatu ke nan, kuma da ita nake ganin ya dace a juya takardar. A fara da abin da matan suka zo da shi a bakinsu, a bar goyo inda yake, littafi ya shigo daga baya a matsayin baƙo, ko da hotunan tsabar abin gida ne, kwano da akuya da buta, kowa ta faɗi sunansu da karin harshenta. A nan ma akwai haɗari. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka waƙar da aka kwantar a takarda rabinta ne kawai. Kuma hannun da ke rubutawa yakan so ya tsabtace, ya cire habaicin ya bar zumar, har waƙar ta koma irin ta littafin aji.

A Asabar ta uku ƙanwata ta ajiye takardarta a kan tebur. Bayan an gaisa, ta durƙusa kusa da tsohuwar ta ce, "Iya, da wace waƙa kika raini baban wannan yaro?" Tsohuwar ta yi dariya ta ce, "Ke 'yar nan, wa yake tuna wannan?" Sai kuma ta gyara wa jikan zama, ta fara a hankali. Kafin ta kai amshi na biyu mata uku sun kama mata, ɗaya ta ce a garinsu ba haka ake faɗin ɗango na ƙarshe ba, aka ɗan yi gardama. Daga inda nake tsaye a bakin ƙofa na hangi matashiyar a gefenta na kullum, kanta a sunkuye, leɓɓanta suna motsi.

Da aka tashi, ƙanwata ta kawo littafin rubutu ta roƙi a maimaita mata. Tsohuwar ta ba ta baiti biyu. Da aka zo na uku ta ce a'a, wannan da abokiyar zamanta take, kuma matar ta riga mu gidan gaskiya, ba za a rubuta ba. Ƙanwata ta sa lamba 3 a shafin, ta bar wurin fili, ta ce da ni, "Yaya, naɗe tabarmin mu tafi."