Gwanin Kango: Mai Hango Riba Tun Kafin Ciniki

A garuruwan da ke kan hanyar Kano zuwa Gwarzo, daga Rimin Gado zuwa Kabo, har ƙauyuka irin su Mainika, akwai masu sayen kango su gyara su sayar. Gwani a cikinsu ya cancanci yabo, domin yakan gano ribarsa tun bai biya ko sisi ba.

Da ya shiga gida, gindin katanga yake fara dubawa, don ya ga inda ruwan damina ya ci. Sai ya ƙwanƙwasa azara ya ji ko gara ta shige ta, ya bi indararo ya ga inda yake zuba. Gidan da ruwa ke kwana a tsakarsa, ko da araha, yakan bar shi.

Daga nan sai asali. Yawancin kangaye gidajen gado ne, saboda haka ba ya sakin kuɗi sai magada duka sun amince, an rubuta takardar ciniki a gaban shaidu da mai unguwa ko dagaci. Ya san cewa a mazhabar Malikiyya, wanda ke da rabo a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya biya kuɗin ya karɓe abin da aka sayar.

Sannan lissafi. A ce ya sayi kango naira miliyan 4, bulo da kwano da ladan magini da kafinta suka ci miliyan 1.5, la'adar dillali da takardu dubu 300. In ya sayar miliyan 7, ribarsa miliyan 1.2 ke nan, kashi 20 cikin 100 da 'yar ɗoriya. A wata shida, wannan riba ce mai kyau. In gidan ya yi shekara biyu a hannunsa kuwa, ya faɗi, domin a Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8. Shi ya sa yake auna ribar da abin da kuɗin za su kawo da masara ya saya da kaka ya ajiye, kuma yake ware rarar kuɗi saboda tashin siminti, wanda buhunsa ya haura dubu 10 a farkon 2024.

Ya kuma san mai sayensa. A karkara ba a neman tayil da ado sosai. Ana neman rufi marar yoyo, da zaure, da ruwa a kusa. Yakan kammala aiki dab da kaka, lokacin da manoma ke da kuɗi kuma ake shirin bukukuwan aure.

Mafi girman gwanintarsa ita ce ba ya rufe aibi da fenti. Yakan nuna wa mai saye tsaguwar da ya ɗinke, domin shari'a ta hana ɓoye aibi, kuma a gari ƙarami suna shi ne jari. Duk mai sha'awar wannan sana'a, ya bi irin wannan gwani ya koya kafin ya zuba kuɗinsa.