Jinjina Ga Tsarin Gadaa Na Oromo

Al'ummar Oromo ta ƙasar Habasha ta cancanci jinjina, domin tsarinta na Gadaa ya daɗe da samo maganin cutar da ke damun shugabanni da yawa, wato ƙin sauka daga kujera. Maza sun kasu rukuni biyar, kowane rukuni ya riƙe ragamar jama'a shekara 8 ya miƙa wa na gaba, sai bayan shekara 40 layi ya sake zagayowa. Ranar da shugaba, wato Abbaa Gadaa, ya karɓi sandar mulki, ya riga ya san ranar ajiye ta. A gindin itacen odaa ake zartar da doka, kuma a wajen Oromon Borana babban taron Gumi Gayo na bitar dokokin kiwo da rijiyoyi duk bayan shekara 8. Ba banza ba UNESCO ta sanya tsarin cikin gadon al'adun duniya a 2016.

Masu suka na cewa an bar mata a baya, kuma da gaskiyarsu, tunda mace ba ta zama Abbaa Gadaa. Amma matan aure na da sandarsu ta siinqee. Idan aka ci zarafin ɗaya, sukan fito da sandunan, su ƙaurace wa gida har a biya ta haƙƙinta. Wasu kuma na ganin tsarin ya tsufa tun bayan mamayar da Sarki Menelik na Habasha ya yi wa yankin Oromo, alhali Oromon Borana da na Guji na bin sa har yau. Mutanen da suka koya wa shugaba sauka cikin mutunci sun isa yabo.