Jinjina ga Masu Zanen Klaus

Lokacin da manyan kamfanonin Amurka suka jingine fensir suka koma katun na kwamfuta zalla, Sergio Pablos da abokan aikinsa a Madrid sun ƙi bin yarima a sha kiɗa. A fim ɗinsu Klaus na 2019, da hannu aka zana motsin mutane, hoto bayan hoto. Aikin cin ido ne, wallahi. Sai daga baya manhajar wani kamfanin Faransa ta riƙa bin layin mai zane tana shimfiɗa haske da inuwa, har fuskar Jesper, ma'aikacin gidan waya, ta fito kamar a taɓa. Kyautar BAFTA da suka ɗauka a 2020 guminsu ce.