Darasin kasuwanci da ba ya leƙa kasuwa

Tun zangon karatu na 2007/2008 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta wajabta wa kowane ɗalibi darasin koyon dogaro da kai, ko likitanci yake karantawa ko tarihi. Niyyar mai kyau ce, domin gwamnati ta san ba ta da kujerar da za ta ba duk wanda ya fito da digiri. Amma ka tsaya a ƙofar ɗakin lacca ranar wannan darasi ka saurari yara. Abin da suke cewa shi ne, "Allah dai ya sa mu tsallake."

Wasu na cewa lalaci ne, yaran yanzu aikin ofis kawai suke so. Ban yarda ba. Yarinyar da ke hamma a bencin baya, atamfa da turaren wuta take sayarwa ta WhatsApp, da ribar take biyan kuɗin mota. Na kusa da ita yana da teburin POS a bakin get. Waɗannan ba su raina sana'a ba. Darasin ne bai san da zamansu ba.

Me ake ba su? Ɗaruruwa a ɗaki ɗaya, a haddace ma'anar kalma, a haddace sunayen masana irin su Schumpeter, a zuba a takardar jarrabawa. In an zo aikin hannu, sai a haɗa mutum ashirin su yi karo-karo su dama sabulun ruwa na yini ɗaya, a ba su maki, kowa ya watse. Ba na ganin laifin malamin da aka ɗora wa darasin alhali bai taɓa sayar da ko allura ba. Shi ma umarni aka ba shi.

Abin da ke ci min rai shi ne, a Kano muke da Kantin Kwari da Singa da Dawanau. Yaron shago a Kwari ya san abin da littafi ba ya faɗa. Ya san wanda ake ba bashi da wanda ake ba haƙuri. Ya san inda ake cewa albarka da inda ake sallamawa, ya san uwar kuɗi ba a taɓa ta ko da salla ta matso. Shekaru yake yi gaban ubangida kafin a yaye shi da jari. Alhassan Ɗantata ma a kan hanyar fataucin goro ta Gwanja ya koyi nasa.

Da za a ji ta tawa, a tura kowane ɗalibi ya yi hutun zango guda a shagon wani, ubangidan ya sa hannu a makinsa. Mai ƙaramar sana'a kuwa ya kawo littafinsa na shige da fice, shi ne jarrabawarsa. Jami'a kuma ta riƙe abin da kasuwa ba ta cika koyarwa ba: yadda ake yi wa sana'a rajista a hukumar CAC, yadda ake lissafin haraji, yadda ake raba aljihun gida da na shago. Shi kansa sabulun ruwan, a nuna musu hanyar samo masa lambar NAFDAC, don ya fita daga ɗakin lacca ya hau kantar mai shago.