Almakashi Ba Ya Aikin Manazarci

A shekarar 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan soyayya a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A 2008 kuma Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, a hannun Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Mataki na biyun ya fi tayar mini da hankali, domin wuta takarda take ci, rajista kuwa marubucin take ɗaurewa tun bai ɗauki alƙalami ba.

Jamus ta zamanin Hitila ta nuna inda wannan hanya kan ɓulle. A 1933 Goebbels ya kafa majalisar al'adu, wanda duk ba ya cikinta ba shi da izinin buga littafi ko baje zane. A 1936 ya haramta sukar ayyukan fasaha ɗungurungum. Ban ce Kano ta zama Barlin ba, tazarar tana da nisa.

Na yarda akwai raunanan littattafai a adabin kasuwar Kano. Maganinsu sharhi mai kaifi, wanda mai karatu a Wara ko Yawuri zai auna da littafin a hannunsa, ya karɓa ko ya ƙi.