Koyar da Aikin Majalisa da Auna Fahimtarsa a Ƙananan Makarantun Sakandare: Tsokaci daga Minna

1.0 Gabatarwa

Tun daga 2007, lokacin da Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, NERDC, ta fitar da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9, aka ba darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa gurbi a ƙaramar sakandare. Daga cikin batutuwansa akwai rassan gwamnati uku da aikin majalisar dokoki. Wannan tsokaci zai duba yadda ake koyar da batun da yadda ake auna shi, tare da ɗaukar Minna a matsayin misali. An zaɓi garin ne domin a nan Majalisar Dokokin Jihar Neja take zama, a nan kuma hedikwatar hukumar jarrabawa ta NECO take.

2.0 Abin da ake koyarwa

A bisa al'ada malami kan rubuta a allo cewa Majalisar Dattawa tana da 'yan majalisa 109, ta Wakilai 360, ta Jihar Neja 27, sannan ya ce aikinsu shi ne yin doka. Duk wannan gaskiya ne, sai dai bai isa ba. Ɗalibin da ya haddace alƙaluman bai san hanyar da ƙuduri yake bi ba: karatu na farko, karatu na biyu inda ake muhawara, zaman kwamiti da sauraron ra'ayin jama'a, karatu na uku, sannan sa hannun gwamna. Haka kuma da wuya a gaya masa cewa sashe na 100 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba gwamna kwana 30 ya amince ko ya ƙi, kuma idan ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa za su iya mayar da ƙudurin doka ba tare da sa hannunsa ba. Wannan iko ya taɓa aiki a matakin tarayya, domin a 2000 Majalisar Tarayya ta tabbatar da dokar Hukumar Raya Yankin Neja-Delta duk da cewa Shugaba Obasanjo bai sa mata hannu ba. Da irin wannan misali ne yaro zai gane dalilin raba iko tsakanin rassan gwamnati.

3.0 Matsalar harshe

Ɗaliban Minna sun fito ne daga gidajen Gwarawa da Nufawa da Hausawa da wasu al'ummu, kuma Hausa ce take haɗa yawancinsu a kasuwa da filin wasa. Darasin kuwa da Turanci yake zuwa, cike da kalmomin shari'a masu nauyi. Sakamakon haka yaro yana furta kalma ba tare da sanin abin da take nufi ba. Abin lura shi ne, Tsarin Mulki da kansa bai rufe ƙofa ba: sashe na 55 ya ambaci Hausa da Ibo da Yarbanci tare da Turanci a Majalisar Tarayya idan an yi tanadin da ya dace, sashe na 97 kuma ya yarje wa majalisar jiha ta ƙara wani harshen jihar idan ta yanke shawarar haka. A zamanin Jihar Arewa an yi muhawara da Hausa a zauren Lugard da ke Kaduna, kuma a 1991 NERDC ta wallafa ƙamus na kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu. Ke nan kalmomin suna nan, isar da su aji ne ya yi ƙaranci.

4.0 Auna fahimta

A nan rauni ya fi fitowa fili. Tambayoyin canki-canka suna da sauƙin dubawa, amma abin da suka fi aunawa shi ne hadda. Ɗalibi yana iya cin tambayar "Sanatoci nawa ne suke wakiltar kowace jiha?" alhali bai san wa zai kai wa kuka ba idan rufin ajinsu ya yaye. Tun da malami yana koyar da abin da ya san za a tambaya ne, jarrabawar ita ce take tsara darasin. Bugu da ƙari, hadda tana tsufa. A 2018 an rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta Wakilai daga 30 zuwa 25. Duk littafin da aka buga kafin nan yana ɗauke da tsohuwar amsa, kuma yaron da ya dogara da shi zai faɗi a kan abin da aka koya masa.

5.0 Shawarwari

Na farko, a ware wani kaso na makin gwajin da ake yi a tsawon zango don zaman majalisa na kwaikwayo. Ɗalibai su zaɓi kakaki, su kawo ƙuduri a kan tsaftar makaranta ko zuwa a makare, su bi da shi duk matakan, malami ya ba da maki a kan ƙarfin hujja da sauraron abokin hamayya. Na biyu, makarantun Chanchaga da Bosso su nemi izinin kai ɗalibai kallon zaman majalisar jiha, domin gani ya kori ji. Na uku, a bar malami ya fara bayani da harshen da ɗalibai suka fi ji kafin ya kawo kalmar Turanci. Na huɗu, masu tsara jarrabawa su ƙara tambayoyin da suke neman dalili, kamar: "Gwamna ya ƙi sa hannu a ƙuduri, me majalisa za ta iya yi?"

6.0 Kammalawa

Ɗalibin da yake aji uku a yau zai kai shekara 18, wato shekarun jefa ƙuri'a, nan da shekara uku ko huɗu. Idan ya bar makaranta da alƙaluma kawai, zai ɗauki ɗan majalisa a matsayin mai rabon shinkafa da babura, ba zai tambaye shi dokar da ya kawo ko kasafin kuɗin da ya bincika ba. Gyara wannan fahimta ya rataya ne a wuyan masu tsara manhaja da masu shirya jarrabawa da malaman aji baki ɗaya.