Babba Ba Ya Shiga Aji Hannu Rabbana

Kwanan baya wata ƙungiya ta tara mu, mu da ke koyar da manya karatu da yamma a nan Gamboru, ta yi mana kwas na kwana biyar. Mun ƙaru, amma akwai gyara, kuma za mu faɗi duka biyun.

Babban darasin shi ne, magidanci yana shigowa aji da sana'arsa, da shekarunsa, da kunyarsa. Ka tsayar da shi gaban allo yana maimaita baƙaƙe kamar ɗan firamare, gobe ba za ka gan shi ba. An ba mu misalin Paulo Freire na Brazil, wanda a 1963 ya koya wa ma'aikata kusan 300 karatu a garin Angicos cikin 'yan makonni, da kalmomin da suke furtawa kullum. Mu ma shaida ne. Mai sayar da kifi a Kasuwar Gamboru so yake ya karanta alat a wayarsa kafin ya saki kaya, ya kuma rubuta bashi da hannunsa.

To amma fa, masu kwas ɗin sun faɗa ramin da suka ce mu kauce masa. Turanci zalla suka yi ta zuba mana, muna zaune shiru kamar 'yan aji ɗaya. Ba wanda ya tambaye mu me muka sani.

Abin da ya fi mana ciwo, ko sau ɗaya ba a ambaci ajami ba. A Borno fa, gidan Alƙur'ani! Ɗalibanmu da yawa sun yi allo, wasu har sun sauke, amma fom ɗin da aka raba mana ya jera su da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. Tun shekarun 1950 da aka sa wa aikin nan suna Yaƙi da Jahilci ake wannan kuskure: wanda bai iya boko ba, sai a kira shi jahili. Wane dattijo ne zai zo a ci masa fuska?

Shi ya sa muka sauya salo. Yanzu sai ɗalibi ya rubuta kalma da ajami, mu sa ta boko a ƙasanta. Roƙonmu, kwas na gaba a yi shi da Hausa da Barbarci, a kuma gayyato alarammomin unguwa su zauna a gaba.